Burodin Kaskon Direba

A kamfanin da ke jigilar mai da tankoki, direbobi sun fi kujerun rumfar jiransu yawa, amma in aka ce Direba kawai ba a ƙara komai ba, kowa ya san mutum ɗaya ake nufi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta yi masa sammako, hannunsa ɗaya ya fi ɗayan duhu saboda shekarun da ya yi yana jingine da shi a tagar mota. Ya fara tuƙi yana saurayi, ya yi aure yana tuƙi, 'ya'yansa duka a waya ya ji labarin haihuwarsu. Matarsa, wadda tela ce mai keken ɗinki a falo, takan ce ita dai mota ta aura, shi baƙo ne da motar kan kawo mata jefi-jefi. Shi kuwa sai ya yi dariya, don bai ga abin musu a ciki ba.

Bayan iya riƙe sitiyari, abin da aka fi saninsa da shi ciki ne. Yana taƙama da cikinsa kamar yadda wasu ke taƙama da gidan da suka gina. Babu rumfar abinci a bakin titi da bai san hannun mai ita ba, ya san wadda ke cika gishiri da wadda ke rowar mai. Na jiya da aka ɗumama da na yau da bai gama nuna ba, duk ɗaya ne a wurinsa. In abokan aiki suna kukan ciki sai ya dafa nasa ya ce wannan injin niƙa ne, ko ƙusa aka zuba masa zai mai da ita gari.

To, injin ne ya fara gardama. Da farko kumburi ne bayan cin abinci, sai ya sassauta bel ya ce ƙiba ce ta zo da girma. Daga baya murɗa ta biyo, irin wadda ke sa mutum ya manta maganar da yake yi. Sannan babbar ta iso, wato buƙatar kewayawa wadda ba ta san a yi mata haƙuri ba. Ga mai ƙaramar mota wannan abin kunya ne kurum, ya faka ya shiga daji ya fito. Ga mai tankar mai kuwa laifi ne. Dokar kamfanin ita ce tanka ba ta tsayawa sai a wuraren da aka ware mata, kuma kowace mota an manna mata wata 'yar na'ura da ke nuna wa ofis inda take. Muddin tana tafiya, ɗigonta kore ne a allon Manaja. Da ta tsaya inda ba a ce ba, sai ɗigon ya koma ja.

Ɗigon Direba ya yi ta yin ja har Manaja ya kira shi ofis. Manaja ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne da za su karɓe maka abu suna ba ka haƙuri har kai ka fara jin tausayinsu. Ya ce ba korarsa za a yi ba, wa zai kori Direba? Za a dai mai da shi cikin harabar kamfani ya riƙa gyara wa tankoki fakin, ya ɗauko wannan daga wurin wanki ya jera ta a layi, ya matsar da waccan daga bakin ƙofa. Ya kuma yi masa alkawari ɗaya, kuma Direba ya riƙe shi da hannu biyu. In cikin ya lafa, za a ba shi tafiya ɗaya ta gwaji. In ya je ya dawo ɗigonsa bai yi ja ba, motarsa ta dawo hannunsa. In ya yi ja, to shi da haraba sai ranar ritaya.

Haka mutumin da ya saba ganin gari na ɓacewa a madubi ya koma tafiyarsa mafi nisa daga ƙofa zuwa katanga. Wuni guda zai yi a kan sitiyari bai wuce giya ta biyu ba. Da ƙafarsa ta fara jin daɗin totur, sai ga katanga a gabansa, da tsohuwar taya jingine a jikinta.

A asibiti an ɗebi jini, an haska ciki, an yi masa abubuwan da bai taɓa gaya wa kowa ba, aka ce ba a ga komai ba. Wannan ya fi komai ɓata masa rai, don shi so yake a ga wani abu a yanke a jefar. Likita ya ce hanjinsa ne ya zama mai saurin fushi, ba ciwon da ke kisa ba ne, amma kuma ba mai tafiya ba ne, zama za a koya da shi. Ya tura shi wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, wurin wata mata mai kula da abincin marasa lafiya. Direba ya shiga yana cewa ya riga ya sani, barkono ne, zai rage. Matar ta ce barkono ba shi ne babban abokin gabarsa ba. Ta shiga lissafo masa: alkama da duk abin da aka yi da ita, albasa, tafarnuwa, wake, madara. Ta ce ya bar su duka tukuna, daga baya a riƙa dawo da su ɗaya-ɗaya a ga wanda cikin zai yafe wa.

"To me ya rage, baiwar Allah?" in ji shi. "Iska?"

Ta ce akwai shinkafa, akwai dankali, akwai ƙwai da kifi da nama da karas. A madadin burodi kuma ya nemi sitacin rogo, farin garin nan mai laushi da ake tacewa daga rogo, ya yi na kasko da shi. Ya bi maganarta, ba don ya yarda ba sai don ba shi da wata. Abin haushi, cikin ya fara lafawa. Da aka zo gwajin dawo da abubuwan kuwa, babu wanda cikin ya yafe wa, albasa ma ko ƙanƙanuwa ce sai ta kwantar da shi.

A gida, wannan tsari ya yiwu. Matsalar hanya ce. Shinkafa ba ta wuni a zafin gaban mota ba ta yi yami ba. Wuta kuwa, ko ashana ba a yarda direban tanka ya ɗauka ba, balle risho. Abincin bakin titi kuma duk inda ka je da albasa ake buɗe tukunya. Abin da ya riƙe direbobi tun fil azal burodi ne, ka cusa shi bayan kujera ya bi ka duk inda za ka. Saboda haka komawarsa hanya ta rataya a kan abu ɗaya, ya samu burodin da cikinsa zai karɓa wanda kuma zai jure tafiya.

Kicin ɗin gidansu ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya ce gafara. Nan Direba ya shiga da ledar farin gari, mutumin da ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba. Matarsa ta ce ya bari ta yi masa, ya ce a'a, cikinsa ne, shi zai yi. Ta koma kan kekenta, amma ta juya kujerar yadda za ta riƙa hango shi.

Garin kansa abin mamaki ne. In ka murza shi tsakanin yatsu sai ya yi ƙara kamar sabon takalmi. Direba ya zuba ruwan sanyi ya juya, abu ya ƙi zama kwaɓi. In ya matsa shi ya yi tauri kamar sabulu, in ya buɗe hannu ya narke ya zube ta tsakanin yatsu. Ya tsaya yana kallonsa kamar an yi masa rashin kunya. Maƙwabcinsu mai wanki da guga ya leƙo aron bokiti, ya ga ledar, ya ce ai shi ma irinta yake saye, da ita yake sa riguna su miƙe. Ya tambaya da gaske ko Direba ya fara karɓar wanki ne. Matar Direba ta yi dariya har sai da zare ya tsinke mata.

Ita ce ta ce a gwada tafasasshen ruwa. Aka gwada, sai ya koma gam, ya kama cokali, ya kama kwano, ya kama hannun Direba har gwiwar hannu. Sai da suka yi asarar gari mai yawa kafin suka gane kansa: a tafasa ruwa da mai da ɗan gishiri, a sheƙa a kan garin a juya da sauri, a bari ya huce, sannan a fasa ƙwai a murza. Ranar da na farko ya tashi a kasko, ya kumbura ya yi ɗige-ɗigen ja, Direba ya yage shi da zafinsa ya ga yana danƙo yana tururi, ya ci a tsaye. Ya jira cikin ya yi magana, ciki ya yi shiru. Ya ji daɗin da rabonsa da irinsa tun kafin a karɓe masa mota.

Washegari ya nannaɗe sauran a leda ya tafi da shi aiki. Da rana ta take ya buɗe, ya tarar abin ya zama roba. Ya ciza ya ja, burodi ya ja shi ma. Dogo, tsohon abokin tuƙinsa, wani siriri mai dogon wuya da ba ya ganin abu ya ƙyale, ya karɓa ya lanƙwasa ya saki, ya ce a ajiye wannan a akwatin kayan aiki, zai yi facin taya. Daga ranar rumfar direbobi ta samu abin yi. Wani ya ce shi ya sa Direba ya miƙe sambal kwanan nan, ashe sitaci yake ci, saura guga. Yakan taya su dariya, sannan ya koma bayan wata tanka ya tauna robarsa shi kaɗai.

Wata da watanni suka shige a haka. Duniyarsa ta tsuke ta koma layi ɗaya, daga gida zuwa haraba, kuma a kan layin nan ya san kowane banɗaki: na gidan mai, na bayan kantin magani wanda sai ka roƙi makulli, na makarantar da mai gadinta ya san shi. Ya daina zuwa taron 'yan uwa, don ya gaji da bayanin abin da ya sa ba zai ci ba, kuma kowa da maganin da zai ba shi. A gida tukunyarsa daban, 'yar ƙarama, fara fat. In matarsa ta jefa albasa a mai don abincin yara, ƙamshin kan cika ɗakunan har ya rasa inda zai sa kansa, sai ya fita ya zauna a matakala. Can ƙasa akwai babban titi mai hawa, manyan motoci na canza giya a kansa. Daga zaune yakan gane wadda kulocinta ya kusa ƙarewa da wadda direbanta sabon hannu ne. Yakan faɗa a fili, ko da babu mai ji.

Zaman gida ya koya masa abubuwan da bai sani ba. Ashe 'yar autarsa bahaguwa ce. Ashe famfon banɗaki ya daɗe yana ɗiga, matar ce ke ɗaure shi da ƙyallen ɗinki. Ashe in tana yanka yadi takan yi ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, in an kalle ta ta daina. Ita ma ta saba da jin tarinsa a gidan, ta saba da samun wanda za ta ce wa riƙe min bakin yadin nan. Ta san sarai duk gyaran da ta yi wa burodin nan, hanyar barinta take share masa, kuma abin yana yi mata ciwo. Amma takan ga yadda yake zaune a matakala kamar wanda aka ajiye aka manta, sai ta tashi ta ɗora ruwa. Har dabarar da matar asibiti ta faɗa ta riƙa yi masa, ta soya tafarnuwa a mai ta tsame ta ta zubar, don ya samu ƙamshin ba tare da wahalar ba.

Ita ce kuma ta gano bakin zaren, da idon tela. Ta ce yadi mai santsi ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an yi masa shafi. Ta dafa dankali ta marmashe shi ta haɗa da kwaɓin, ta ɗauko kwalba ta murza shi ya yi siriri har ana ganin inuwar yatsa ta bayansa, sannan ta rage wuta ta bar shi a kasko ya bushe a hankali. Abin da ya fito ba mai laushi ba ne, ƙaras-ƙaras yake, yana karyewa da ƙara. Direba ya zuba wasu a gwangwani mai murfi, ya ɓoye a gaban wata tanka da ke fake a rana, ya bar su kwana da kwanaki. Da ya buɗe ya tarar suna nan yadda suke. Ya ci da dafaffen ƙwai, ya kora da baƙin shayi, ya jira. Ba abin da ya motsa.

Manaja ya ɗan ja masa rai, ya ce a ƙara gani, aka ƙara gani. A ƙarshe ya sa sunansa a tafiyar da ake kwana a hanya, ya haɗa shi da Dogo a matsayin direba na biyu. Da safen tafiyar matarsa ta cika gwangwani har murfin na ƙin rufuwa, ta haɗa masa ƙwai da soyayyen kifi da ayaba. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta miƙa masa ta ce, "Baban yara, abin da ke cikin nan kaɗai." Ya ce ai ko ba ta faɗa ba.

Da tankar ta fita ƙofar kamfani ta hau babban titi, ya sa giya ta uku, ya sa ta huɗu, sai ya ji wani abu ya kwance a ƙirjinsa. Gidaje suka yi baya, gonaki suka buɗe, iska ta shigo ta taga ta bugi hannun nan mai duhu. Ya riƙa gaishe da kowace kwana kamar tsohuwar maƙwabciya, yana nuna wa Dogo inda aka yi sabon gini da inda aka sare wata bishiya. Da yunwa ta taɓa shi ya karya burodinsa ya ci yana tuƙi, garin na zuba a cinyarsa. Cikin ya kwanta lafiya lau. Dogo ya ce in haka ne shi ma a sa masa a gwangwani, ya janye maganar faci.

Wurin tsayawa na farko da kamfani ya amince da shi wani fili ne a gefen hanya mai rumfunan abinci, kuma a can ƙarshensa rumfar Inna take. Direbobi na kiranta uwarsu, amma a wurin Direba maganar ta wuce ta baki. Yana sabon shiga aikin zazzaɓi ya taɓa kayar da shi a filin nan, bai san kowa ba, ita ta shimfiɗa masa tabarma a bayan rumfa ta yi jinyarsa har ya tashi. Tun daga nan bai taɓa wuce wurin bai ci daga hannunta ba. Matarsa ba ta taɓa ganinta ba, amma ta san ta kamar suruka saboda yawan labarinta. Ya shirya abin da zai faɗa mata tun daga gida. Zai gaishe ta, ya zauna kusa da ita, ya buɗe gwangwaninsa ya yi mata bayani, har ya ba ta ta ɗanɗana su yi dariya.

Abin da bai sani ba, Dogo ya riga shi. Tun jiya ya buga wa 'yar Inna waya, da kyakkyawar niyya, ya ce gobe Direba zai dawo hanya, amma fa a kula, ciwon ciki ne ya kwantar da shi duk tsawon lokacin nan.

Inna ta tsufa fiye da yadda ya bar ta. Idonta ya yi hazo, hannunta na rawa, girkin ma 'yarta ta karɓa tuni. Amma 'yar ta raɗa masa cewa yau tun da sassafe tsohuwa ta sa aka kafa mata kujera a gaban murhu, ta ce na ɗanta ba wanda zai taɓa. Inna ta laluba fuskarsa da tafin hannu, ta ce ya rame, ta ce an ce mata yana nan da rai amma ba ta yarda ba sai yanzu. Sannan ta sa aka kawo.

Kowa a filin nan ya san yadda ake ciyar da mai ciwon ciki: a cire yaji, a dafa komai ya yi laushi. Haka ta yi, da iyakar saninta. Kaza ce ta dahu har tana rabuwa da ƙashi, kwance cikin albasar da aka yanka da yawa aka bari ta narke ta zama romo. Ta daka tafarnuwa ta zuba ba rowa, don kowa ya san tafarnuwa maganin ciki ce. Ga wake a gefe, ya dahu luguf. Ga sabon burodin alkama mai ɗumi, ga kofin madara da aka tafasa. Da wani ya zauna ya tsara abin da zai rusa Direba, ba zai kai tsohuwar nan iyawa ba.

"Ci, ɗana," in ji ta. "Ko ƙwayar barkono babu. Da hannuna na duba."

Gwangwanin na ƙarƙashin hammatarsa. Bayanin na bakinsa, ya ma buɗe bakin. Sai ya ga wata sabuwar ƙuna a bayan hannunta, inda mai ya fallatsa mata da safen. Ya ga direbobin da ke kan benci sun matsa sun ba shi wurinsa na da, wani na cewa yau dai rumfa ta cika. Inna kuma ta karkato da kunne wajensa, tunda idon ba ya gani sosai, tana jiran ta ji ƙarar cokali.

Amma kada a ɗora wa tsohuwa dukan nauyin. Da ya faɗa mata, da ta ji ciwo, da kuma ta haƙura, ai uwa ce. Gaskiyar ita ce ƙamshin ya riga bayanin isa inda za shi. Ya gaji da cin abinci a bayan tanka. Ya gaji da zama mutumin da ake yi wa tukunya daban. Ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san hanyar nan, ba wanda ya rufe shi. Ya sunkuya ya tura gwangwanin ƙarƙashin benci, ya ce bismilla.

Ya ci kazar, ya dangwali romon da burodi, ya ci waken, ya shanye madarar. Ana ta hira ana tsokanar juna, wani ya miƙo hannu cikin kwanonsa ya ɗauki cinya, Direba ya buge hannun kamar yadda aka saba. Dogo ne kaɗai ya ture kwanonsa gefe, don sai da ya ga fuskar abokinsa a kan kwanon ya fara zargin wayar da ya buga ba alheri ta haifa ba. Inna ta ji ƙarar cokali a gindin kwano, ta yi ta sa masa albarka.

Sun koma hanya, na ɗan lokaci har ya fara sa rai. Ya ce a ransa wataƙila watannin nan sun gyara cikin, wataƙila yau za a yi masa afuwa. Sai bel ya fara matse shi. Ya sassauta. Sai ƙugi, sai murɗar da ya sani, ta taso daga ƙasa ta naɗe shi. Wurin tsayawa na gaba yana da nisa, ya san nisansa sarai. Ya riƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito, gumi na bin wuyansa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya yi ta maza iyakar yinsa. Daga ƙarshe ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birki, ya dire da gudu.

Da ya dawo wayar Dogo na ƙara, Manaja ne ke kira. Dogo ya ce bari ya ce taya suka duba. Direba ya ce ya bari, ai ba sau ɗaya za a tsaya ba, tayoyin ma ba za su isa ba. Haka kuwa aka yi. A tsayawa ta gaba ko kiran ma ba a yi ba. Bayan ta ukun bai koma ƙofar direba ba, ya zagaya ta ɗaya gefen ya hau, ya jingina kai da gilashi. Dogo ya ja motar, yana ta ba shi haƙuri kan wayar. Direba ya ce ai ba Dogo ne ya ɗaga cokalin ba.

Sun sauke mai, sun juyo. A hanyar dawowa abin da ke gwangwani kaɗai ya ci, kuma kafin su iso gari cikin ya kwanta kamar bai taɓa yin komai ba, abin da ya fi ciwon ma ɗaci. Manaja ya tarbe shi da haƙurinsa na kullum, ya ce ya so ƙwarai abin ya yiwu, ya ce haraba ma ai aiki ne, kuma babu mai iya jera tanka kamarsa. Direba ya ajiye makullin a kan tebur ya yi godiya.

Ya iso gida da la'asar. Matarsa na kan keke, ta ɗago ta dube shi, ta dubi yadda rigar ta yi masa yawa a kwana biyu kawai, ba ta tambayi yadda aka yi da Manaja ba. Ya zauna a kujerar da ke fuskantarta, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Inna ce?" in ji ta.

Ya gyaɗa kai. Ya jira faɗan, yana ma so a yi masa, don ya san ya ci a yi masa. Watannin da ta yi a tsaye a ɗan kicin ɗin nan, da ƙunar da ita ma ta sha, duk ya zubar da su a zama ɗaya. Ta gyara zaren allurar kekenta, sannan ta tambaye shi.

"Ya yi daɗi?"

Bai zaci wannan ba. Ya nemi ya yi mata ƙarya, ya ga ba zai iya ba.

"Ya yi daɗi," in ji shi. "Wallahi ya yi daɗi."

"To madalla," ta ce a hankali. "Da a kan abin da ba daɗi ka rasa hanyar, da ban yafe maka ba."

Ta juya ta ɗora ƙafa a kan keken, amma ta daɗe ba ta taka ba.